Ciwon mantuwa: mutum ɗaya yake kamawa, amma mutum biyu yake kwantarwa

Duk gidan da ciwon mantuwa ya shiga, in ka duba da kyau marasa lafiya biyu ne a ciki. Na farko kowa ya sanshi, shi ake zuwa dubawa ana cewa Allah ya ƙara sauƙi. Na biyun shine wanda yake buɗe wa masu dubiyar ƙofa, ya raka su, ya dawo ya cigaba da wankin zanin gado, kuma da wuya kaji wani ya tambaye shi yaushe rabonsa da baccin kirki. Wannan na biyun shi nafi son muyi magana akansa, saboda in ya faɗi to na farkon ma ya faɗi.

Amma sai an fara gane ciwon tukunna, dan rashin gane shi ne yake haifar da rabin wahalar. Abinda likitoci suke kira dimenshiya ba tsufa bane. Tsufa zai sa ka manta inda ka ajiye makulli, can anjima ka tuna. Wannan kuwa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa suna mutuwa sannu a hankali, har mutum ya kai ga riƙe makullin a hannu ya rasa me ake yi dashi. Kuma ba cuta ɗaya bace, cututtuka ne daban daban da suke kai mutum wuri ɗaya. Babbarsu ita ce Alzheimer, Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta ce ita ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100, kuma matar da likitan nan na Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyana ciwon a kanta a 1906, shekararta 51 kacal lokacin da aka kawo ta asibiti, kunga ba zancen tsufa tukuf bane. Akwai wadda toshewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke jawowa, yawanci ga masu hawan jini ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Akwai wadda take zuwa da gane gane, mutum yana ganin mutanen da babu su a ɗaki. Akwai kuma wadda hali ne yake fara canzawa kafin mantuwa, mutum mai kunya da kawaici ya koma yana faɗin duk abinda yazo bakinsa, iyali suyi ta fushi dashi shekara da shekaru basu san ciwo bane.

A ƙididdigar WHO mutum miliyan 57 ne ke da ciwon a duniya a 2021, sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma duk shekara ana samun sababbin masu ciwon kusan miliyan 10. Amma alƙaluman da suka fi tsaya min a rai sune na jinya. A 2019 ciwon ya laƙume wa duniya dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan lissafin ba kuɗin asibiti bane ko na magani, ƙimar aikin ƴan uwa ne da suke jinya kyauta babu albashi, awa 5 a rana in aka yi matsakaicin lissafi, kashi 70 cikin 100 na awannin kuma mata ne suke yinsu. Wato mafi girman asibitin wannan ciwon a duniya shine cikin gida, ma'aikatansa kuwa mata ne da ƴaƴa mata da surukai waɗanda ba wanda ya taɓa koya musu komai. Kuma awa 5 ɗin nan matsakaici ne fa, in ciwon yayi nisa babu wani lissafin awa, dare da rana ne.

Bari in nuna muku yadda rashin sani yake cin mai jinya. Yamma tayi, rana ta fara faɗuwa, wanda dama lokacin ne da yawansu suke fi rikicewa, sai uwa ta tattara kayanta a jaka ta nufi ƙofa tana cewa zan tafi gida yara suna jirana, alhali a gidan nata take, yaran kuma sun girma har da jikoki. Ƴar ta taso tace haba Mama ai nan ne gidanki, ga ɗakinki ga gadonki. Maman ta kalle ta kallon baƙuwa, ta fara faɗa, ta jijjiga ƙofa, ƴar ta riƙe ta, abu ya zama kokawa da kuka, kuma gobe ma haka, jibi ma haka. Ƴar bata yi ƙarya ba, gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar bata da wurin zama a ƙwaƙwalwar Mama, abinda yake zama shine tsoro da jin cewa wata ta tare ta. Wadda aka koya wa kuwa cewa zata yi, to Mama tsaya in sa takalmi in raka ki, wa da wa kika bari a gidan? Su fita tare, Mama tana ta lissafo sunayen yaran, su zaga kaɗan, hankalinta ya kwanta, su dawo ta zauna ta manta ma da zancen tafiyar. Minti 15 a madadin awa biyu na tashin hankali. Haka ma in ta tambayi mijinta da ya daɗe da rasuwa, duk lokacin da aka ce mata ai ya rasu to sabuwar mutuwa ce a wajenta, zata yi kukan farko ne kamar yau aka faɗa mata, shi yasa ake koya wa masu jinya su karkata zancen, kina kewarsa ne Mama? bani labarinsa mana. In kuma tace kin sace min kuɗi, kar a tsaya rantse rantse, a tashi a taya ta nema, kuma mai jinyar ta sani ba ita ake tuhuma ba, ƙwaƙwalwa ce ta rasa abu take cike gurbin da bayanin da ya fi kusa.

Irin waɗannan dabarun ba a haifar mutum dasu, koyonsu ake yi, kuma an gwada an ga suna aiki. A jami'ar New York ta Amurka, Mary Mittelman da abokan aikinta sun bi mutum 406 masu jinyar mazajensu ko matansu na tsawon shekaru, rabi aka basu zaman shawarwari guda 6 wasu su kaɗai wasu tare da dangi, aka sa su a ƙungiyar masu jinya, aka basu damar buga waya duk lokacin da abu ya cushe musu. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna marasa lafiyar wannan rukunin sun ƙara kusan shekara ɗaya da rabi a gidajensu kafin a kai ga miƙa su gidan kula da tsofaffi. Ku lura fa, ba a ba mara lafiyar ko ƙwaya ɗaya ba, mai jinyar aka yi wa magani. A Landan an yi wani shiri mai suna START, zama 8 kawai da mai jinya akan fahimtar halayen ciwon da kula da kai, ya rage musu ciwon damuwa kuma amfanin ya daɗe shekaru. Wanda yafi burge ni shine na Goa a Indiya, saboda can babu tarin ƙwararru, mutanen gari aka horar suna bin gida gida suna koyar da iyalai tare da sa idon likita, kuma damuwar masu jinyar ta ragu. WHO ma ta fitar da nata darussan kyauta mai suna iSupport, ana samu a intanet da kuma a littafi, ƙasashe da dama sun mayar dashi harsunansu.

To amma kafin a koya maka jinyar ciwo ai sai an faɗa maka ciwon. Anan ne gizo yake saƙar. Ƙungiyar Alzheimer's Disease International ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan kashi 75 cikin 100 na masu ciwon a duniya ba a taɓa tabbatar musu dashi a asibiti ba, kuma a binciken da tayi a 2019 kashi 62 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kansu sun ɗauka wani ɓangare ne na tsufa kawai, kashi 35 na masu jinya kuma sun ce sun ɓoye wa mutane ciwon. Wasu suna cewa tunda ba ya warkewa meye amfanin zuwa asibiti. Amfanin yana da yawa wallahi. Na ɗaya akwai abubuwan da suke kama dashi kuma suna warkewa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, illar wasu magunguna, har rashin ji da kunne yana sa a ɗauka mutum ya rikice. Sannan samun sunan ciwon yana sauke wa gida zargi, a daina cewa da gangan take yi, ko a fara jingina abin ga maita da asiri kamar yadda yake faruwa a wurare da dama har a cutar da tsohuwar da bata san ma inda take ba. Kuma a farkon ciwon ne kaɗai mutum zai iya faɗa da bakinsa wa yake so ya riƙe masa kuɗi da dukiya, ina yake so ya zauna, wa yake so ya kula dashi, in aka bari lokacin ya wuce sai rigimar dangi. Ƙasar Sikotlan tun 2013 ta ɗauki alkawarin duk wanda aka tabbatar masa da ciwon za a haɗa shi da ma'aikaci guda sananne da zai bi shi da iyalinsa aƙalla shekara ɗaya, dan kar a sallame su daga ofishin likita da takarda kawai a hannu.

Magani akwai, irinsu donepezil da memantine, suna ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci amma basa tsayar da ciwon. Sababbin da Amurka ta amince dasu a 2023 da 2024 na farkon Alzheimer ne kawai, suna da tsada da illoli, rage gudun ciwon suke yi kaɗan. Abinda nake so a kiyaye shine magungunan kwantar da masu taɓin hankali da ake ɗura wa tsofaffi dan su yi shiru, hukumar magunguna ta Amurka tun 2005 tayi gargaɗin suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwon, ba abinda za a saya a kemis bane dan an gaji. Kuma in mara lafiya ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu fiye da yadda aka saba, kar a ce ciwon ne ya ƙaru, sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko rashin bahaya ko ƙishirwa ko wani ciwo da ya kasa faɗa, a kai shi asibiti.

Sai babban abu, hutu. In ka tambayi masu jinya me suke so, da yawa ba kuɗi zasu fara ambata ba, cewa zasu yi bacci. Mutum ya shekara yana kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda kar Baba ya tashi cikin dare ya kunna gas ko ya fice, ya bar aikinsa ko ya rage, abokai sun daina kira dan kullum ba zai samu zuwa ba, shi kansa hawan jini ya kama shi amma ba lokacin ganin likita. Daga nan ne tsawa take farawa, sai kulle ɗaki, wani lokacin har ɗaurewa ko duka, kuma yawanci ba mugaye bane suke aikatawa, mutane ne masu ƙaunar iyayensu da aka bari su kaɗai har suka ƙare. Ba wanke su nake yi ba, cutar da mara lafiya laifi ne, amma duk dangin da suka bar mutum ɗaya da wannan nauyin suna da kaso a ciki. Shi yasa ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suka gina hutun mai jinya a cikin tsari. Jamus ta kafa inshorar kula da masu dogon jinya a 1995, Japan a 2000 inda kowa daga shekara 40 yake biya, kuma daga ciki ake biyan cibiyoyin yini da ake kai mutum da safe a ɗauko shi da yamma, da masu zuwa gida suyi wanka da gyara, da ɗan gajeren zama na kwanaki dan mai jinya ya numfasa. Inda babu irin wannan, dangi da maƙwabta sune inshorar, sai dai a tsara.

Kuma tsarawar ce ake kasawa. Kowa zai ce in kina buƙatar wani abu ki faɗa min, mai jinya kuwa ba zata faɗa ba, kunya da gajiya da jin cewa nauyinta ne ba zasu barta ba. Taimakon da yake aiki shine mai rana da lokaci. Yaya, duk Asabar daga safe zuwa la'asar ni zan zauna da Baba, ki fita ko ki rufe ɗaki kiyi bacci. Ni na ɗauki famfas da magani duk wata. Ni zan riƙa kai shi asibiti. Ni ina nesa amma zan biya wanda zai riƙa kwana sau biyu a sati. A rubuta, a sa a guruf ɗin gida na WhatsApp kowa ya gani. Sannan dan Allah ɗan uwa na nesa da yake zuwa sau ɗaya a shekara, ya zauna awa ɗaya Baba ya tattaro duk ƙarfinsa ya gaishe shi lafiya lau, kar ya fito yace ai ni banga wani ciwo ba kece kike zuzutawa. Masu ciwon suna iya riƙe kansu na ɗan lokaci a gaban baƙo, bayan ya tafi ne suke zubewa, kuma wannan maganar tana ƙona zuciyar mai jinya fiye da wankin kashi.

Wani abin da aka gano shine kaɗaici yana cin su biyun tare. Wani masanin halayyar ɗan adam a Holan mai suna Bère Miesen ya lura iyalai basa iya maganar ciwon ko a tsakaninsu, sai ya buɗe wani zaman shan shayi a birnin Leiden a 1997, masu ciwon da masu jinya da ma'aikatan lafiya su haɗu wata wata, a ɗan yi bayani, ayi tambayoyi, ayi hira, kuma babu mai jin kunya in mijinta ya maimaita tambaya sau goma dan kowa a wurin ya san zancen. Yanzu irin wannan zaman ya bazu ƙasashe da yawa, kuma baya buƙatar komai sai ɗaki da kujeru da mutum ɗaya mai sani. A nan ne mace zata iya cewa wallahi wani lokacin ji nake gara ace ya huta nima in huta, ta fashe da kuka, wata ta dafa ta tace nima na sha jin haka, ba rashin imani bane gajiya ce. Ga masu ciwon su kansu akwai zaman motsa ƙwaƙwalwa na rukuni, zama 14 cikin sati 7, hira da waƙa da wasanni da tuna baya, wanda aka fara a Birtaniya kuma bincike ya nuna yana taimakawa a matakin farko da na tsakiya. Waƙoƙi da karatun da mutum ya haddace tun ƙuruciya suna cikin abubuwan da suke daɗewa basu goge ba, kaga wanda ya manta sunan ɗansa yana biyo baiti tiryan tiryan.

Akwai ƙauyen Hogeweyk a Holan da aka buɗe a 2009, unguwa guda mai shago da wurin aski da lambu, duk mazaunanta masu ciwon ne suna yawonsu cikin tsaro. Yana da kyau ƙwarai, amma ni a ganina ba shine mafita ga miliyoyin mutane ba, tsadarsa ba ta kowa bace. Abinda Japan tayi a 2005 yafi kusa da abinda kowace al'umma zata iya, darasi ne na minti 90 ga mutanen gari, masu shago, direbobi, ma'aikatan banki, ƴan makaranta, a koya musu alamomin ciwon da yadda ake yi wa mai shi magana, a basu abin hannu ruwan lemo, kuma sun horar da sama da mutum miliyan 10. Birtaniya ta kwaikwaya a 2013. Dalilin a fili yake, a 2023 kaɗai ƴan sandan Japan sun karɓi rahoton ɓatan masu ciwon sama da 19,000, kuma wanda yake fara ganin tsoho yana tafe shi kaɗai a rikice ba likita bane, mai shagon bakin titi ne. In ya sani, zai tare shi ta gaba ba ta baya ba, yayi sallama a hankali, ya bashi wurin zama da ruwa, ya duba ko akwai lambar waya a aljihunsa ko a wuyan rigarsa. Shi yasa ɓoye ciwon ga maƙwabta kuskure ne babba, gara su sani, a ajiye sabon hotonsa a waya, a rubuta wuraren da ya saba zuwa a da, tsohon wurin aiki da tsohon gida, dan yawanci can suke nufa. Wuraren ibada ma suna da rawar takawa, kar a daina kawo mutum dan yana rikita abu, a samu mai zama kusa dashi.

Wani lokaci yana zuwa da gida ya kasa, mara lafiya baya iya haɗiya sosai, baya tashi, ko yana dukan mai jinya wadda ita ma tsohuwa ce, to neman ma'aikaci ko kai shi inda za a kula dashi ba yar da iyaye bane, kuma bai kamata mutane su zauna suna yanke hukunci akan abinda basu kwana dashi ba.

Bayan rasuwa ma tallafin bai ƙare ba. Mai jinya ta daɗe tana makoki tun mutumin yana raye, tun ranar da ya kalle ta yace baiwar Allah wacece ke, sannan ga shi yanzu aikin da ya cinye mata shekara 8 ko 10 ya tsaya cak, babu sana'a, ƙawaye sun watse, jiki ya lalace, ga sauƙin da take ji a ranta wanda yake sa ta zargin kanta. Tana buƙatar a kai ta likita a duba ta, a taya ta komawa aiki ko neman abin yi, a cigaba da kiranta bayan masu gaisuwa sun watse. Ƙungiyoyin masu jinya da suka san aikinsu basa sallamar irin waɗannan, suna riƙe su, dan in sun huta sune suke zama da sababbin da aka faɗa wa ciwon jiya jiya, su nuna musu yadda ake wanka ba tare da kokawa ba da yadda ake raba kwana tsakanin dangi.